Garin da Aka Ce Babu Mata

Shekara goma sha bakwai ke nan da rasuwar yayana Malam Habu, amma duk sanda na tauna nama, giɓin bakina sai ya tuna min da shi. Rana ɗaya aka dake mu. Ni haƙora biyu na bari a can, shi kuwa dukan ne ajalinsa.

Malamin firamare ne, aka ɗauke shi aikin ƙidaya. Bayan an kammala, ofis ya ga abin al'ajabi daga wani ƙauye a bayan Ɗambatta: maza tuli, mata kuwa kamar an bi su da tsintsiya. Kuma kowa shekararsa arba'in, daga tsohon da ke dogara sanda har saurayin da gemu bai san hanyar haɓarsa ba. Ashe jita-jita ce ta shiga garin cewa da yawan maza ake rabon taki. Nan take Hajara ta zama Haruna, Binta ta koma Bala. Aka ce Malam Habu ya je ya gyara, ni kuma na goya shi a babur.

Ba ya tambayar mutum shekarunsa. Sai ya ce, "Inna, lokacin da kwalta ta iso, kina da goyo ko ke ake goyawa?" Daga nan ya yi lissafi. Yana cikin haka a wani zaure, magidanta suka tsaya a kansa, kowa da ƙotar fartanya.

Babbansu ya ce, "Malam, mu ka zo ragewa?"

Ya ce, "A'a Baba, matanku na zo mayar muku. Garin da babu mata, ku rimi ne ya haife ku?"

Na tuntsire da dariya. Ni kaɗai na yi. Ƙotar farko a bakina ta sauka, har na hango Kano daga kwance. Shi suka rufe shi da duka, ƙeya da haƙarƙari, jini ya jiƙe farar rigarsa, yana ta faɗa musu cewa idan babu mata a lissafi, babu mai gina musu ɗakin haihuwa. Inna Hajara, tsohuwar da aka rubuta Haruna, ita ta fito da muciya ta tsaya a kansa tana cewa, "Wanda ya sake taɓa shi, ya fara da ni!" Da haka muka tsira. Malam Habu ya miƙa gyaransa ofis, amma ciwon kai bai sake shi ba. Bai ga kakar shekarar ba.

Yau an ce na'ura ce za ta riƙa kama kuskuren ƙidaya, har ta yi ƙorafi idan uwa ta zama ƙanwar ɗanta. Da yana nan, na san zai ce madalla, amma a tambayi na'urar ko tana jure ƙota.

Takin bai zo ba. Ɗakin haihuwa kuwa yana nan tsaye, kuma jikokin masu ƙotar a ciki aka haife su. Bara na je gaishe da Inna Hajara, na same ta da ɗan jikanta, mai sunan Malam Habu. Na tambaye ta shekarunta. Ta ce arba'in. Na ce na yaron fa?

Ta ce, "Shida da wata uku. Wannan kam ba ma yi masa ƙarya."

Allah ya jiƙanka, Yaya.