Tsohon da Muka Ɗauko daga Kona

Na daɗe ina ganin cewa baƙin ciki kamar ƙurji yake, a matse shi ya fashe a huta, kuma mutanenmu ba su rasa komai ba sai wanda ya iya tambaya. Da wannan imani na karɓi aikin tafinta a horon da aka shirya a Tasawa, bayan ruwan wata damina ya rusa gidaje a karkara. Matasa ƴan sa-kai za a koya wa yadda ake kwantar da hankalin wanda masifa ta afka wa. An ɗauko mai horarwa daga Yamai, mutumin kirki, ba ya jin Hausa. Mushe muke ce masa, wato Malam da Faransanci.

Darasin ya tafi lafiya a kan allo. Kada a ce wa mutum ya yi haƙuri, wai rufe masa baki ne. A dube shi ido cikin ido. A bar shi ya yi kuka. Na fassara duka da murya mai nauyi, ni da uwata ta mare ni a kan kallon babba a ido.

Da aka zo gwaji, Mushe ya nemi wanda zai fito a matsayin mutumin da gidansa ya faɗi. Ba wanda ya fito.

"Mushe, a tsakiyar damina in ce da bakina gidana ya rushe?" in ji wani daga Maijirgi. "Allah shi kiyaye. In dai mai lallashi ne, ga ni."

Kowa mai lallashi yake son zama. Sai Mushe ya yanke shawarar da ya kira mai amfani ƙwarai, wato a kawo na gaske. Washegari mota ta dawo daga Kona da wani dattijo mai rawani, wanda ɗakunansa da rumbunsa suka kwanta, iyalinsa na raɓe a ajin lakkol, wato makarantar boko, ga komawa karatu ta matso. Ba wanda ya tambayi ko yana da wani a cikinmu. Ɗan sa-kai ɗaya tilo da Kona ta turo, mijin ƴarsa ne. Yana ganin surukinsa ya zame daga benci ya tsuguna, ya cire takalmi.

Aka zaunar da tsohon a tsakiya. Matasa suka riƙa zuwa bi da bi.

"Baba, yaya kake ji a zuciyarka?"

"Alhamdu lillahi."

"Baba, faɗa mini abin da ya fi yi maka ciwo."

"Ɗan nan, mi ya samu idonka kake zare mini shi haka?"

Mushe ya bayyana wa aji cewa wannan shi ne musun halin da ake ciki, mataki na farko, kuma ya yi murna da samun misali mai kyau haka. Sannan ya ce in gaya wa tsohon cewa nan wuri ne na aminci, yana iya kuka. Na gaya masa.

Ya dube ni, ya dubi sashen da surukinsa yake, ya rage murya.

"Malam, kai ne ka san halinsu. In na yi kukan, ana ba da tanti?"

Na ce ban sani ba, kuma gaskiya ce. Tanti na wani ofishi ne, mu zuciya aka ba mu. Har yau ina tambayar kaina abin da ya ji a cikin amsar, domin mutumin da jikokinsa ke kwana a kan benci ba ya jin "ban sani ba" a matsayin a'a.

Sai ya ja bakin rawani ya rufe fuska, kafaɗunsa suka fara motsi. Ko na gaske ne, ko na neman tanti ne, ko na takaicin cewa sai ya yi, ban iya rabewa ba, ga digiri a jakata. Mijin ƴarsa ya tashi ya fita ba takalmi. Mushe ya ce a lura da yadda nauyin ke sauka, ya hana kowa cewa a yi haƙuri. Aka tafa a hankali, aka tafi shan kafe.

Tanti ya isa Kona daga baya, aka raba wa wanda ya yi kuka da wanda bai yi ba. Mijin ƴar tsohon ya aiko da rigar aikinsa a hannun mai amalanke, bai sake zuwa horon ba. An ba da takardar shaida ga kowa ban da shi, kuma Kona ta ƙare daminar ba ta da ɗan sa-kai.