Wasiƙun ɗana da kwamfutar da anka ce a goge

Kamfanin da nike sayen data gare su ya zalunce ni, kuma ban yafe ba.

Ɗana ma'aikacin ruwa na a madatsar Goronyo, shina buɗe wa masu albasa da shinkafa ƙofar kanal, magudanar ruwan ban gona. Ni ko sai da nih haura arba'in sannan nis shiga ajin manya a Wurno. Da yag ga na fara haɗa baƙi, yak kawo mini tsohuwar kwamfutarshi. Ba ta iya ɗaukar manhajar da kowa ke aiki da ita, sai yas sa mata wata ta kyauta, yaƙ ƙara girman haruffa saboda idona. Duk Juma'a shina turo mini wasiƙa ta imel don karatuna ya zauna. Shekara biyu muna haka, zazzaɓi yaɗ ɗauke shi cikin kwana huɗu.

Wasiƙun suna can intanet. Kalmar sirrin kuwa cikin burauzar kwamfutar, inda ake buɗe imel, yab bar ta ajiye, ni ban taɓa saninta ba.

Bayan rasuwarshi kamfanin ya kashe tsohon modem, na'urar da ke haɗa kwamfutar da intanet, sunka ba ni sabo. Yaƙ ƙi aiki. Na buga musu waya, wata yarinya tac ce in danna wani maɓalli a ƙasa hagu. Nic ce babu shi. Tas sake karanta mini maganar daga takardarta har sau uku, sannan layi yak katse.

Nin naɗe kwamfutar cikin zane nik kai shagonsu. Mai shagon ya buɗe, ya yi dariya.

"Inna, wannan ai ba a koya mana irinta ba. Sai dai a goge ta a sa wadda muka sani."

"In an goge, kalmar sirrin fa?"

"Ta tafi ke nan."

"Ranar da kunka sayar mini da layi, mi yah hana ku tambayi irin kwamfutar da nike da ita?"

Yac ce in yi haƙuri, akwai mutane bayana.

A gida ina kuka ina jera kayan marigayin, nig ga littafin da yake rubuta tsayin ruwa. A shafin ƙarshe ya sa: "In modem ya ƙi." Ƙasa layi shida na baƙaƙen Turanci, ko ɗaya bai yi kama da magana ba.

Washegari bayan sallar asuba nib buɗe baƙin allon cikin kwamfutar da nike ganin marigayin shina rubutu ciki. Nis sa yatsa ƙarƙashin harafin farko, kamar yadda anka koya mana a aji, nif fara kwafa.