Ranar da tsofaffin Agege suka ƙaurace mana

Duk abin da zan manta a rayuwa, ina jin ban da wannan. Sojoji ba su daɗe da komawa bariki ba na gama bautar ƙasa, na samu aikin tafinta wajen wata likita Bayarabiya mai bincike kan ciwon mantuwa na tsufa. Ta ce ba Bahaushe ko ɗaya a binciken, kuma in ba su shiga ba, ba za a san yadda ciwon ke kama mutanenmu ba.

Da kyar na shawo kan wasu tsofaffin mata a unguwarmu, Agege, za su riƙa zuwa asibiti duk wata. Zuwan farko likita ta fara gwada ƙwaƙwalwarsu: sunan miji, sunan ɗan fari. Kowacce ta sunkuyar da kai, shiru. Likita ta ɗauka mantuwa ce. Da wata ya zagayo, ba wadda ta dawo, aka fara maganar rufe ɓangaren Hausawa.

Sai na ce wa likita, "Oga, ban tabbata ba, amma wataƙila kunya ce. Matanmu na da ba sa faɗin waɗannan sunaye."

Ta dafe kai tana dariya, ta ce su ma a al'adarsu laƙabi suke sa wa surukansu. Muka hau bas ɗin haya, danfo, sai gidan Hajiyar da sauran ke jin maganarta.

"Ke 'yar nan," in ji Hajiya tana duban likita, "tun ina amarya ban kama sunan Alhaji ba, sai yanzu da haƙora suka zube? Ko a kabari ba wannan za a tambaye ni ba!"

Na fassara, ina ɗan rage zafin. Likita ta durƙusa ta ba da haƙuri, ta tambayi sunayen jikoki. Ai kuwa bakin Hajiya ya buɗe. Ta jero su kaf, har da mai tuƙa babur ɗin haya, okada, a Ketu, wanda ta kira marowacin banza, ko goro bai taɓa sayo mata ba.

A nan aka canja tambayar. Wata na gaba suka dawo, har da ƙawayen da ba mu gayyata ba, ana gardamar jikan wa ya fi rashin kunya. Tun daga ranar na koyi cewa kafin ka auna abin da tsoho ya manta, fara sanin abin da bakinsa ba zai faɗa ba.