Hannuna a Bakin Majigi

Ku da kuka shigo aikin koyarwa kwanan nan, akwai ranar da har yau ba ta fita raina ba: ranar da na haska wa iyayen yara fim ɗin Faransa a makarantarmu ta Bosso.

Makarantar kuɗi ce, ni kaɗai ce malamar Faransanci, darasin nawa kuma yana tangal-tangal. Iyaye sun yi ta ƙorafi wai ɓata lokaci ne, gara a ƙara wa yara lissafi. A tsarinmu, shugaba ba ya cire darasi sai ya kai maganar taron iyaye da malamai, abin da suka yanke ya zauna. In aka cire Faransanci kuwa, ni aka cire. Shugaban makarantar, Malam Ndagi, mutum mai sanyin hali, ya kira ni ofis ya ce, "Malama Hadiza, zan ba ki fili kafin a kaɗa ƙuri'a. Ki nuna musu amfanin abin naki."

Na zaɓi wani fim na barkwanci da aka ciro daga tsohon littafin yara, labarin yaro mai ƙiriniya da kakarsa ta zo musu ziyara daga ƙauye. Ɗalibaina suna bala'in sonsa. Matsalarsa wuri ɗaya ce. Faransawa in za su gaisa, sumbatar juna suke yi a kumatu, dama da hagu. Dabarar da na saba a aji ita ce in sa tafin hannu a bakin majigi, in ci gaba da fassara kamar ba komai.

Ranar Asabar zauren taron makaranta ya cika. A layin gaba akwai Alhaji Bala, shugaban ƙungiyar iyaye, mai sayar da kayan gini, wanda shi ne kan gaba wajen neman a soke darasin. Can gefe ga Mama Ladi, 'yar Gbagyi manomiyar doya, wadda jikokinta uku ke ajina.

Fim ya fara, ana 'yar dariya. Da jirgin ƙasa ya tsaya kaka ta sauko, na ɗora hannuna. Bango ya yi duhu, ni kuma ina ta cewa a lasifika, "Suna gaisawa, suna tambayar gajiyar hanya."

Alhaji ya ɗaga hannu. "Malama, dakata. Me ke bayan hannun nan?"

"Gaisuwa ce kawai, Alhaji."

"Gaisuwa ake rufewa? In mu da furfurarmu ba za mu iya gani ba, me kike nuna wa 'ya'yanmu in ba ma nan?"

Na dubi Malam Ndagi, shi kuma ya dubi takalminsa. Na mayar da fim baya, na janye hannu, na ce a raina aiki dai ya tafi.

Uban yaron ya rungumi tsohuwa, ya sumbace ta dama, ya sumbace ta hagu.

"Mahaifiyarsa ce?" in ji Alhaji.

"A'a, Alhaji, surukarsa ce, uwar matarsa."

"Surukarsa! Innalillahi!" Ya cire hula ya mayar.

Sai Mama Ladi ta buga cinya. "Kai! Ni suruki na in ya gan ni a hanya, cikin gona doya yana shiga. Wannan kuma ya kama mama yana lasa!"

Zauren ya kece da dariya, har da Alhaji. Da ya share hawaye ya ce, "Ni tun da na yi aure ban taɓa cin abinci a gaban surukata ba. Su wannan ne ladabinsu?"

Na ce, "In bai yi ba, shi ne rashin kunya a wurinsu."

"Ikon Allah. To ci gaba, amma hannun nan ki riƙe gyalenki da shi."

Haka aka kalli sauran. Inda yaron ya saki kazar da kaka ta zo da ita a cikin falo, tsohuwa ta bi shi da ludayi, wata uwa ta ce, "Wallahi Hajiyarmu ce sak!" Ban taɓa jin daɗin fassara kamar ranar ba.

Da aka zo ƙuri'a, Alhaji ya miƙe ya ce ba laifi yaro ya san yadda wasu mutane ke yi, muddin iyaye sun san abin da ya gani, sai su gaya masa nasu a gida. Aka bar Faransanci, da sharaɗin duk fim ɗin da zan nuna a aji sai iyaye sun fara gani. Ni dai na san kallon ne ya yi musu daɗi.

Abin da na koya shi ne, al'adar wasu ba ta tsorata iyaye kamar malamin da ke ɓoye musu abu. Ku nuna, ku yi bayani, su ma suna da hankalinsu. Jikokin Mama Ladi sun daɗe da gama makaranta, amma har yau in na bi ta gaban shagon Alhaji Bala, ba ya tambayata gida ko aiki. Sai dai ya leƙo ya ce, "Malama, ya hannu?"