Allon Saukar Hafsatu

Assalamu alaikum. Wata takwas ke nan ba ku ji daga gare ni ba. Ina nan da raina.

Da hantsi abin ya fara, ina shan koko a zaure. Ludayi ya suɓuce mini. Na so in yi salati, baki ya ƙi. Maƙwabta suka sa ni a adaidaita zuwa asibiti a Gaya, daga can aka tura ni Kano hoton kai.

Likita ya ce, "Baba, hawan jini ne ya shanye maka ɓarin dama. Yaushe rabonka da magani?" Ni kaina na manta rabona da shi.

Ƙafa ta dawo. Hannu ya ƙi.

Mai gashin ƙashi a asibiti ta ba ni ƙwallon roba in riƙa matsawa. Ni da na yi shekara talatin ina koyarwa a firamare, ni da ake kawo wa allunan sauka har gida a Toranke in yi musu zayyana, in zauna matsa ƙwallo? Na tura shi ƙarƙashin gado. Kuɗin mota ya yi mini nauyi, na daina zuwa gashi. Tun rasuwar maiɗakina ba mai tsawata mini. Na kwanta jiran lokaci, kuma ina tsoronsa.

Sai ga taubashiyata Hajiya Ladi daga Balan, da sabon allo a hammata.

"Bawana, tashi. Jikata Hafsatu za ta yi sauka bayan Sallah. Kai ka yi wa uwarta zayyana, kai za ka yi mata."

"Hajiya, hannun ya mutu."

"To a binne shi mana. Ajiyar me kake yi?"

Ta jingine allon ta tafi.

Haushi ne ya tayar da ni. Na naɗa wa alƙalami tsumma don ya yi kauri, na fara jan layi a takarda. Kwana goma ban ja miƙaƙƙe ba. Amma na lura ina tashi da asuba da abin yi. Ina tunanin inda ja zai zauna, inda kore zai bi, har na koma cin tuwo.

Na koma gashi da takarduna. Mai gashi ta duba ta ce, "Baba, wannan ya fi ƙwallona. Amma a haɗa duka biyun."

Ranar sauka Ladi ta ɗaga allon da na yi wa zayyana ta ce, "Gefen nan ya karkace."

Na ce, "Mai shi ma ya karkace, ga shi a tsaye."

Na gode wa Allah, na gode wa maƙwabtana da ma'aikatan jinya. Tsofaffi 'yan'uwana, ku auna jini, ku sha magani, kada ku daina zuwa gashi. Masu majinyaci a gida kuma, bayan kunu da addu'a, ku miƙa masa aikin da hannunsa ya saba, ɗinkin hula ne ko saƙar tabarma, ku ce kuna jira.

Wannan rubutun ya ci mini yini guda. Da hannun dama na yi shi.