Jifan Tubali a Filin Ƙwallon Kwando

Ina aji ɗaya na babbar sakandare, a wata makarantar kwana ta 'yan mata a ƙasar Rano, aka damƙa mini littafin rubuta makin ƙwallon kwando. Ban iya wasan ba ko kaɗan. Malamin wasanni ya dubi layinmu ne kawai, ya ga ni ce ba na surutu, ya ce, "Ke 'yar Saji, zo ki zauna nan. Duk wadda ta jefa ƙwallo a kwando, ki ja mata layi a gaban sunanta." A makarantarmu da sunan gari ake kiran mutum, har malamai sun saba.

Ba a daɗe da ƙaddamar da Shari'a ba a lokacin. An canza mana kayan wasa, aka ba mu dogon wando da riga har gwiwa da ƙaramin hijabi wanda ake cusa bakinsa cikin wuyan riga. An kuma ce malami namiji ba zai riƙa tsayawa da 'yan mata a fili shi kaɗai ba, sai da malama a wurin. Da haka malamar lissafi ta fara zuwa da kujerar roba da tarin littattafan da take dubawa, ta zauna kusa da ni a inuwar darbejiya. Satin farko ko ɗaga kai ba ta yi ba. A sati na uku jan bironta yana hannu, amma idonta yana fili.

Malam yana da kaset ɗin bidiyo guda biyu na ƙwararrun 'yan wasan Amurka, ƙanensa direban mota ne ya sayo masa a Kano. Ranar Asabar da hantsi, in an kawo wuta, yakan sa mana a ɗakin taro. Mutane ne dogaye kamar giginya, suna tsalle suna tura ƙwallo cikin kwando da hannu ɗaya. Daga waɗannan kaset ɗin musunsa da Malama ya samo asali, kuma a kaina suke yinsa, domin ina zaune a tsakaninsu.

"Malama, ƙwallo fa ba aljabra ba ce," in ji Malam. "Wanda ya fi ci shi ya fi iyawa. A wasanninsu na ƙarshen shekara, inda wanda aka doke yake tattara kayansa ya tafi gida, ƙungiya mai gwarzo ita ke ɗaukar kofi."

"To sauran huɗun da ke cikin fili tare da shi fa, Malam? 'Yan rakiya ne?"

"Kusan hakan."

"Ni a kaset ɗin nan naka gwarzon kawai nake gani yana ci. Daga ina ƙwallon take zuwar masa? Daga sama take faɗowa kamar ƙanƙara?"

"Mai kaset ɗin ya yanke wuraren da ba su da amfani, don wasanni da yawa su shiga."

"Shi ya ce maka ba su da amfani?"

Malam ya busa usur, ya yi gaba kamar an kira shi. Haka suke yi kusan kullum, ba wanda ke ja da baya.

A wannan zangon aka sanar da gasar makarantun 'yan mata ta shiyyarmu, irin wadda in an ci ku sau ɗaya kun fita. Motar makaranta 'yan wasa takwas za ta ɗauka. Malam ya ce ba ya son a ce ya yi son kai, saboda haka littafina ne zai yi zaɓen: takwas ɗin da suka fi yawan layi su za su tafi.

Gwarzuwarmu 'yar Rano ce, doguwa, wadda layukanta suka cika shafi har suka tsallaka bayansa. Ita ba ta da fargaba. Mai fargaba ita ce 'yar Nariya, wata gajeriya mai faɗin kafaɗa, 'yar aji uku, wadda gadonta yake ƙarƙashin nawa. Shekara uku tana wasan ba a taɓa fita da ita ba, kuma wannan ce shekararta ta ƙarshe. Ta riga ta aika wa babanta cewa bana da ita za a je. A littafina kuwa ita ce ta biyun ƙarshe, domin da wuya ta jefa wa kwando. Ba ta taɓa roƙona in ƙara mata layi ba. Takan dai tambaye ni bayan la'asar, "Yau nawa na yi?" In faɗa mata, ta ce, "To, Allah ya kai mu gobe."

Akwai abin da nake yi wanda ba wanda ya sa ni. Ni idona hannuwa yake bi. Duk lokacin da wata ta ci, bayan na ja mata layinta, sai in sa ɗan ɗigo da fensir a gefen sunan wadda ta miƙa mata ƙwallon. Na fara ne don kada in yi gyangyaɗi. Da ɗigon ya yi yawa a wuri ɗaya, sai na ƙara sa ido. Na lura in 'yar Nariya ce ta jefo, ƙwallon ba ta juyawa a iska, tana zuwa a hankali ta sauka daidai ƙirjin 'yar Rano, tsakanin tafukanta, ita kuwa sai ta ɗaga kawai ta jefa. In wata ce ta jefo, ƙwallon takan zo ƙasa ko gefe. Dole 'yar Rano ta sunkuya, bakin hijabinta ya zame daga wuyan riga, ta sa hannun hagu ta gyara. Kafin ta gama an tare ta.

Ban gaya wa kowa ba. Ni ce fa wadda in aka kira sunanta a aji sai ta ji kunnuwanta sun toshe.

Ranar Alhamis da za a tsayar da sunaye, Malam ya ce in kawo littafin kafin a fara wasa. Malama ce ta miƙo hannu ta karɓa don ta tara masa layukan. Ta buɗe, ta kawo shafin kusa da fuskarta.

"Waɗannan ɗige-ɗigen fa? Ƙuda ne ya bi ta kai?"

Na sunkuyar da kai. 'Yan wasa suna can tsakiyar fili suna ɗaure takalma, na hango 'yar Nariya ta juya mana baya, ta san abin da ake lissafawa.

"Da ke nake, 'yar Saji."

"Wadda ta bayar ce, Malama," na ce. Ni kaina da ƙyar na ji muryata.

"Ɗaga murya, ba kotu ba ce."

"Wadda ta ba mai cin ƙwallon. Ita nake sa wa ɗigo."

Malama ta bi shafin da yatsa, ta tsaya a sunan 'yar Nariya, inda ɗigo ya yi baƙi kamar an zubar da gero. Ta juya littafin ta nuna wa Malam.

Malam ya yi dariya. "Miƙa ƙwallo ai ko jikata ta iya. Ɓangarensu ɗaya da 'yar Rano, shi ya sa. Kowa ka ajiye kusa da doguwar nan sai ya tara ɗigo."

Har yau ban san inda na samo ƙarfin ba. Na ji bakina ya ce, "Malam, don Allah a mai da 'yar Nariya ɗaya ɓangaren. Yau kawai."

Ya dube ni kamar yau ya fara ganina. Malama ta ce, "Ka ji tsoro ne, Malam?"

"Tsoron me? Ke 'yar Nariya, koma can!"

Aka fara. Na riƙe fensir na ƙura wa fili ido, domin in abin bai fito yadda na gani ba, na kunyata kaina kuma na kashe mata ɗan abin da ya rage. Ƙwallon farko da aka jefa wa 'yar Rano ta zo mata a gwiwa. Ta sunkuya, ta gyara hijabi, aka ƙwace. Ta biyu ta wuce ta saman kafaɗarta. Ta fara tsawa, "Ku ba ni a hannu mana!" A ɗaya ɓangaren kuwa, inda 'yar Nariya ta koma, wata siririya wadda sau da yawa takan gama sati da layi biyu ko uku, ta ci, ta sake ci, ta tsaya tana duban hannuwanta. Kafin a tafi hutun rabin lokaci ta wuce 'yar Rano a layukan ranar. Malama ta rufe littattafanta gaba ɗaya, ta harɗe hannu.

Malam bai bari an ƙarasa ba. Ya busa usur, ya yafito 'yar Nariya, ta zo tana haki.

"Wa ya koya miki jifa haka?"

"Ba kowa, Malam."

"Ƙarya ne. Jefo mini."

Ya ja da baya, ta jefa masa da hannu biyu daga ƙasa. Ƙwallon ta sauka a tafukansa ko ƙara ba ta yi ba. Ya ce ta sake, ta sake.

"Tubali ne, Malam," ta ce, tana kallon ƙasa. "Babanmu magini ne, kuma mu mata ne manya a cikin 'ya'yansa. Da rani in yana kan katanga ni nake jefa masa. In tubali ya juya a sama yakan fashe, ko ya ɗaye masa hannu. Cewa yake kada in duba fuskarsa, in duba inda hannunsa zai dawo bayan ya ɗora na farko."

Malam ya jima yana juya ƙwallon a hannunsa. Can ya dubi Malama ya ce, "Ni dai ina nan a kan bakana. Gwarzo ke cin kofi."

"Mun ji, Malam. A dai tafi masa da mai jefa tubali."

Washegari bayan karin kumallo aka manna takarda a ƙofar ofishin malamai. Takwas ne ba ƙari, don haka shigar mutum ɗaya fitar wata ce. Wadda aka soke 'yar ajinmu ce, bencinmu ɗaya, kuma ta san daga littafin wa abin ya fito. Har muka yi hutu ba ta ƙara ara mini ko magogi ba. Abin ya dame ni, don ita ma ta sa rai, kuma ba laifin da ta yi. Amma da za a sake tambayata, abin da na gani shi zan sake faɗa.

Ban shiga cikin masu turereniya a gaban takardar ba. Daga bakin baranda na hango 'yar Nariya ta kutsa, ta ɗora yatsa a kan layi na bakwai, inda Malam ya ja wa wani suna layi ya rubuta nata a sama da hannunsa. Ta karanta, ta janye yatsan, ta sake mayarwa. Sannan ta waiwayo tana neman wani a cikin taron, har idonta ya faɗo kaina. Ta tako ta tsaya a gabana, ta kama hannuna da tafinta mai kaushi.

"Ke 'yar Saji, ashe duk zaman nan da kike yi shiru ni kike kallo?"

Na ce, "Yaya, sakar mini hannu, za ki karya ni."

Ba ta saka ba. Haka ta ja ni har ɗakin kwana, wai in zo in rubuta mata wasiƙa zuwa ga babanta, tunda rubutuna ya fi nata kyau.