An Riga An Manna

Mai Bargo ake ce mata, har maƙwabta sun manta tana da wani sunan. Bargo take sayarwa da zannuwan gado, amma shagonta a waya yake. Ta ɗauki hoto ta ɗora, wani ya gani daga wani gari ya biya, ita kuma ta ƙunshe kayan a kwali, ta manna takardar adireshi, mai babur na kamfanin aike ya zo ya ɗauka. Can saman bene take zaune, ita da mahaifiyarta da kwalaye, kuma kwalayen sun fi su yawa nesa ba kusa ba.

Su uku Mama ta haifa, ita ce ta tsakiya. Yaya ya sha murnar ɗan fari, Auta ta sha shagwaɓa, ita kuwa wanke-wanke ta sha. Tun suna yara in Auta ta yi tari gidan ya rikice, in ita ta kwanta zazzaɓi a ce ta tashi ta motsa jiki. Auta ta girma ta samu gida mai fili da tsakar gida, Mai Bargo ba ta taɓa taka shi ba, kullum aiki ne ya yi mata yawa. Abu ɗaya ta fi Auta da shi a duniya, kuma tana ji da shi: Mama a wajenta take zaune.

A sana'arta akwai doka guda da ba ta ɗaga wa kowa ƙafa a kai. Mai saye yakan biya, can kuma ya turo saƙo wai a canza inda za a kai kayan. Wani ya tashi ne, wani matarsa yake ɓoye wa, wani kuma ɓarawo ne ya shiga wayar mutane. Tun da aka taɓa yi mata haka kaya suka bi ruwa, ta kafa sharaɗi: sai ta kira mai sayen ta ji muryarsa, kuma in ta riga ta manna takarda, magana ta ƙare. Mutane sun yi magiya, wasu sun zage ta, ko a jikinta.

Yaya yana aiki a wani gari mai nisa, kuma yana da wata al'ada. In zai yi wa Mama kyauta, a shafin ƙanwarsa yake saye kamar baƙo, ya sa sunan Mama da adireshin gidan. Kayan da ke bakin ƙofar ɗakin Mama sai sun fita sun zaga ofishin kamfanin sun dawo, saboda tsohuwar tana son mai babur ya ƙwanƙwasa ya kira sunanta, ta sa hannu da kanta. A wannan karon bargo ya zaɓa, mai kauri, ruwan toka.

Ta naɗe shi, ta rufe kwalin, takardar adireshin na hannunta, sai saƙo ya shigo: “Don Allah a canza, a kai gidan Auta.”

Ta kira shi kamar yadda take kiran kowa.

“Yaya, kai ka turo saƙon nan?”

“Ni ne. Au, Mama ba ta gaya miki ba?”

“Gaya mini me?”

Ya yi ’yar inda-inda. “Ranar Asabar za ta koma wajen Auta. Kin san gwiwarta da benen nan. Ta ce ita za ta faɗa miki da bakinta.”

Ta kalli ƙofar ɗakin Mama. Wato an zauna an gama shawara, Auta ta gyara ɗaki, ita da take shafa wa gwiwar magani safe da yamma sai a saƙon mai saye za ta ji. Kishi ne tsagwaronsa, ta kuma san kishi ne. Ta ɓare bayan takardar, ta danna ta a kan kwalin, ta murje da tafin hannu.

“Ka makara, Yaya. An riga an manna.”

“Haba ƙanwata, ke ce fa mai shagon.”

“Doka doka ce. Ko kai ne.”

Da yamma mai babur ya tafi da kwalin. A ranta ta ce Auta ta ɗauki Mama, amma ba za ta haɗa da bargonta ba, bargon da ita ta saro, ita ta naɗe. Sauran kwanakin ta yi su tana kumbure-kumbure. Ba ta tambaya ba, Mama ma ta yi ta buɗe baki tana rufewa.

Ranar Asabar Auta ta iso da mota, tana ƙamshi, tana “Yayata ta kaina, kin ɓuya.” Mai Bargo ta amsa da hanci. Akwatin Mama na ƙarƙashin kwalaye, sai da suka sauke su ɗaya bayan ɗaya kafin su jawo shi. Mama ta fito a karkace tana dafa bango, don hanyar ba ta ɗaukar mutum a miƙe. A bakin ƙofa ta riƙe hannun ’yarta.

“Na rasa ta inda zan fara ne, uwata. Kar ki riƙe ni a rai. Kin ga yanzu kin samu wurin ajiye kaya.”

Ba da gatse ta faɗa ba, shi ya sa ya fi zafi.

Ranar Litinin mai babur ya ƙwanƙwasa, ya ɗaga murya ya kira sunan Mama yadda ya saba. Mai Bargo ce ta sa hannu. Ta rungumi kwalin ta nufi ɗakin, ta tsaya a ƙofa tana neman inda za ta ajiye. Kwalaye sun toshe taga. Inda Mama take shimfiɗa dardumar salla, zannuwan gado ne jibge. Ba ta iya tuna ranar da ta fara cewa “Mama, bari in ɗan ajiye wannan a nan” ba. Duk ɗakin babu fili sai kan gadon, nan ta ɗora shi.

Tana tsaye wayarta ta yi ƙara. Mama ce.

“Uwata, wai yayanki ya ce ya saya mini bargo. Gidan nan akwai sanyi da asuba, na Auta kuma duk ’yan gayu ne, ba kauri. Ya taso kuwa?”

A bayan muryar tana jin Auta na dariya da yara. Kishin bai tafi ko’ina ba, yana nan daram.

“Yana hanya, Mama.”

Ta ɗauko wuƙa ta kankare takardar. Da ƙyar ta fita, a yayyage, don ta manna ta da ƙarfin gaske. Ta ɗauko sabuwa za ta rubuta, biron ya tsaya. Sunan unguwar kawai ta sani. Sai da ta kira Yaya ta tambaye shi lambar gidan ƙanwarta.